Zagayen Kawu Sikeli

Kafin ya zama ɗan saƙon ƙungiyarmu, Kawu Sikeli ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a rumbun kaya na tashar jirgin ƙasa, yana awon buhuna da akwatuna, kuma daga can ya samo laƙabinsa. Dogo ne, siriri, mai ɗan doro irin na wanda ya daɗe yana sunkuyawa a kan ma'auni. Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun shaida mini cewa bai taɓa kiran nauyin kaya ba sai allurar ta daina rawa, ko da mai kayan yana tsaye a kansa yana huci, jirgi kuma yana ta busa. Da aka daina dakon kaya a jirgin, aka rufe rumbun, sai aka sallame shi da takardar yabo, ya tura kekensa ya koma gida.

Bai daɗe da komawa ba matarsa ta kwanta ciwon da bai bar ta ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ita kuwa aure ya kai ta wani gari mai nisa, inda take fama da aikin ofis da yara. Takan kira shi a ƙarshen mako ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, ta ce jikokinsa suna gaishe shi, ya ce yana amsawa, daga nan su duka biyun su rasa abin cewa. Ta sha roƙonsa ya koma wurinta, yakan ce sai ya shirya. Bayan rasuwar matar ya saki gidan da suke haya, ya kama ɗaki ɗaya a bayan wata maɗaba'a, inda injin buga takardu ke girgiza masa kofin shayi a kan tebur tun daga safe har yamma. Sau ɗaya na shiga ɗakin. Akwai gado, da rediyo, da keke jingine da bango, da kujera ɗaya tak. Ya ba ni kujerar, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa kamar shi ne baƙon, har na ga zamana ya yi masa nauyi na yi masa sallama.

Ƙungiyarmu ta masu sa kai ce, aikinta kuwa shi ne ba da aron kayan jinya ga marasa lafiyar da ke kwance a gida: keken guragu, da sandunan dogarawa, da katifar roba, da gadon asibiti mai mariƙin ɗaga kai. Muna ajiye su a wani tsohon gareji a bayan ƙaramin asibitin unguwa, a nan kuma muke taro a kan benci biyu. Shugabarmu tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Sista. Mai Walda ne ke gyara abin da ya karye, Direba yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfin hannu idan ya sami sarari, Tela tana ɗinka rigunan katifa, ni kuma tun da na ajiye alli nake rubuta wa ƙungiyar wasiƙunta.

Ta hanyar aro Kawu ya shigo cikinmu. Ya karɓi keken guragu domin matarsa, da ta rasu ya dawo da shi a wanke, ya sa wa ƙafafunsa mai. Sista ta yi masa ta'aziyya ta karɓa, amma bai tafi ba, ya tsaya a ƙofar garejin yana duban kayan. Domin ta sallame shi cikin mutunci, sai ta ce ko zai biya ta shagon Mai Walda ya gaya masa akwai sandar da ta tsage. Ya tafi, ya dawo da amsa. Washegari ya sake zuwa, ya tambaya ko akwai wani saƙon.

Tun kafin waya ta shiga hannun kowa muke da ƙa'idoji biyu. Ta farko, ba a yanke shawara sai an ji bakin wanda bai sami zuwa taro ba, domin yawancinmu masu aiki ne ko masu jinya, kuma ba safai rabinmu ke haɗuwa ba. Ta biyu, wanda zai kai maganar ya dawo da amsa ba shi da baki a cikinta, don kada ra'ayinsa ya karkatar da saƙon. A da karɓa-karɓa ake yi, kowa yana neman hanyar zillewa. Da Kawu ya zo sai aikin ya zama nasa, har aka manta cewa wani ya taɓa yin sa. Ko da wayoyi suka yawaita ba mu canja ba, saboda mun gwada kira mun ga kowa yana jin rabin magana ya cike sauran da nasa.

Yadda yake aikin abin kallo ne. A wurin taro yakan zauna a ƙarshen benci, kansa a sunkuye, leɓɓansa suna motsi. Idan aka gama sai ya maimaita wa Sista saƙon, ta gyara inda ya kamata, ya hau keke. A kowace ƙofa, bayan sallama, abu ɗaya yake cewa: ga saƙon taro. Da wannan maganar ake buɗe masa, a ba shi wurin zama, a kawo masa shayi, ya isar da saƙon, ya karɓi amsa, sa'an nan a ɗan taɓa hira kafin ya tashi. Idan ya dawo taro sai ya miƙe tsaye ya ce bakin wane ke nan, ya faɗi maganar mutum kamar yadda ta fito, ba ragi ba ƙari. Wata rana ya kawo bakin Direba, wanda ya ce waldar da aka yi wa wani keke da yawu aka yi ta. Kawu ya faɗe ta a gaban Mai Walda ba tare da ya ɗaga gira ba, sai da Sista ta shiga tsakani. Haka ya yi shekaru masu yawa, kuma ban san wani gida da yake shiga ba bayan gidajen da saƙo ke kai shi.

Abin da ya tayar da maganar komawa dandalin waya wata dattijuwa ce da ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Danginta sun gaya wa Direba suna neman gado, Direba ya riƙe maganar yana jiran Kawu ya biyo, Kawu kuwa zagayensa ya kai shi wancan ɓangaren gari. Gadon yana gareji babu mai amfani da shi, matar tana kwance a ƙasa, har bayanta ya fara gyambo. Ba laifin kowa ba ne. Amma Mai Kemis, wadda ke da kantin magani a bakin titi, kuma ita ce mafi ƙuruciya a cikinmu duk da ta haura arba'in, ita ce ta wanke gyambon, ita ce kuma ta zo taro na gaba da shawara.

Ta ce akwai dandalin tattaunawa da wani kamfani ya gina, wanda ake shiga ta waya. Ƙungiya za ta buɗe zaurenta a ciki, duk wanda ya ji ana neman abu ya rubuta, kowa ya gani a lokaci guda, shawara ma a can za a yanke ta, kowa ya faɗi bakinsa da kansa. Mai Walda ya ƙi. Ya ce garejin nan namu ne, makullinsa yana hannun Sista, amma zauren da ake magana a kai na wasu ne da ba mu taɓa gani ba, ranar da suka ga dama za su rufe shi ko su sauya masa ƙofa.

Ya ce, "Wa ke fitsarin kwance, wa ya shanye, duk mu kwashe mu zuba a gidan wani? Mutane sun ba mu amanar sirrinsu fa, ba gado kawai suka ara ba."

Mai Kemis ta ce ba za a rubuta sunan kowa ba, sai layin da gidan yake da abin da ake nema. Ta ƙara da cewa, "Baba Mai Walda, sirrin waccan baiwar Allah ya tsira, ba wanda ya ji. Bayanta ne bai tsira ba."

Aka daɗe ana kai da komowa. Wasu suka kawo batun tsofaffin da wayarsu ba ta shiga irin wannan wuri, wasu suka ce za a koya musu. Ni na goyi bayan Mai Kemis, kuma har yau ina ganin shawarar daidai ce. Da aka duba, sai aka ga waɗanda ke wurin sun rabu kusan biyu daidai, saboda haka hukunci ya koma hannun waɗanda ba su zo ba. Sista ta juya ga ƙarshen benci, Kawu ya miƙe ya maimaita hujjar kowane ɓangare, bai bar ko kalma ɗaya ba. Yana gamawa Mai Kemis ta ce, cikin kyakkyawar niyya, a ƙara da cewa idan aka yarda shi ma Kawu zai huta da wannan yawo a rana. Kawu ya dubi Sista ya tambaye ta ko wannan yana cikin saƙon. Ta ce yana ciki. Ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suka motsa.

Na raka shi gidan Tela a wannan zagayen, domin ina da rigar da zan karɓa a wurinta. Tela ba ta zuwa taro, saboda mahaifiyarta ta daɗe a kwance, kuma a kan ɗaya daga cikin gadajenmu take. Gidan ɗaki biyu ne da siririn baranda. Keken ɗinkin yana kusa da taga, an bar ƙofar ɗakin ciki a buɗe domin Tela ta riƙa ganin tsohuwar ba tare da ta ɗaga ƙafa daga feda ba. Tsakanin keken da ƙofar akwai wata 'yar kujera mai matashin da aka haɗa da ƙyallayen ɗinki. Tela ta ce mini in zauna a kan tabarma ko in tsaya, amma waccan kujerar ta Kawu ce.

Tsohuwar tana jin muryarsa ta ce a ɗaga mata kai. Kawu ya shiga ya juya mariƙin gadon a hankali har ta zauna sosai.

Ta ce, "Mai awo, yau nawa na kai?"

Ya dube ta kamar yana jiran allura ta tsaya, ya ce, "Jikin ya ragu, Iya. Surutun ne ya ƙaru."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce shi ya sa jirgi ya gudu ya bar shi, ba ya iya yi wa mutum ko ɗan ƙari. Tela ta kawo shayi. Ya zauna a kujerarsa, ya ajiye kofin a ƙasa, ya ce ga saƙon taro. Ya faɗi maganar Mai Kemis, ya faɗi ta Mai Walda, kowacce da nauyinta, a ƙarshe ya faɗi batun hutunsa da irin muryar da ya faɗi sauran. Tela ta tsayar da keken ta yi tunani. Ta ce maganar Mai Walda ta shige ta, domin ba za ta so a baza halin da Iya ke ciki ba. Sa'an nan ta dubi ƙafafun Kawu, waɗanda suka kumbura a cikin takalmi, ta ce ya gaya musu ta yarda, ko don ƙafafun nan nasa.

Ya tambaye ta, "In faɗi har da batun ƙafafun?"

Ta ce, "Faɗi duka, Kawu. Ai ka yi mana iyakar yi."

Ya ɗauki kofin ya sha, ya fi yadda ya saba daɗewa a kansa. A hanya na tambaye shi ko shi mene ne ra'ayinsa. Ya ce ɗan saƙo ba shi da baki, kuma ni ne na taɓa karanta masa ƙa'idar. Daga nan ya hau keke ya nufi gidan Direba.

Ranar da ya kawo amsoshin, garejin ya cika fiye da kullum. Ya miƙe tsaye ya fara. Bakin Direba ke nan: na yarda, tsohon nan ya isa ya zauna ya miƙe ƙafa. Bakin Tela ke nan: na yarda, ko don ƙafafun Kawu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ne ya ƙi, sauran duk sun yarda, kuma kusan kowa ya rufe maganarsa da cewa domin Kawu ya huta. Yana faɗar wannan da bakinsa, a madadinsu, har ya kai ƙarshe. Aka tafa masa. Mai Walda, wanda ya riga ya ga an kayar da shi, ya ce tun da kowa don Kawu ya yi, ai sai a tambayi Kawun. Aka dubi Sista, domin ita ce mai tsare ƙa'ida. Kafin ta yi magana Kawu ya ce ba a tambayar ɗan saƙo, ya koma ya zauna. Mai Kemis ta miƙa masa sabuwar waya da 'yan ƙungiya suka haɗu suka saya masa, ta nuna masa inda zai danna. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Dandalin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Wanda ya nemi sanda da safe yakan same ta kafin rana ta faɗi. Direba yana rubuta inda yake, a ɗora masa kayan da ke kan hanyarsa. Mai Walda da kansa ya zama mafi yawan magana a ciki, yana ta turo hotunan waldarsa domin Direba ya gani. Ni ma na saba, ko da yake yadda wasu ke rubuta Hausa a can yakan sa in cire tabarau in murza idanu. Kawu yana ciki, muna ganin alamar cewa ya karanta, amma bai taɓa rubuta komai ba.

Tela ce ta ba ni labarin zuwansa na farko bayan haka. Ta ji sallamarsa ta buɗe ƙofa, ta gan shi tsaye riƙe da keke, ta jira ya faɗi abin da ya saba faɗa. Bai faɗa ba. Sai ta ce lafiya dai, Kawu? Ya ce lafiya lau. Ya ce an sami sabbin katifu biyu a gareji. Ta ce ta gani a waya tun jiya, har ta yanka musu riguna. Ta ce ya shigo mana, Iya tana tambayarsa. Ya ce a'a, wucewa yake yi, a gaishe ta. Ta ce mini ta bi shi da kallo har ƙarshen layin, kuma ta san babu inda yake zuwa ta wannan hanyar.

Daga nan ya koma zaman gareji. Yakan zo da safe ya share, ya goge kekunan da ba su da ƙura, ya zauna a ƙarshen bencin da yanzu ba a cika zama a kansa ba, tun da taron ya koma cikin waya. Sista ta lura. Akwai kuma aiki ɗaya da dandalin ya kasa yi mana, wato karɓo kaya daga gidan da aka yi rashi. Ba wanda hannunsa ya iya rubuta wa masu makoki cewa a dawo da gado. Sai ta ba Kawu wannan aikin, ya karɓa da saurinsa. Ya sake samun ƙofofin da zai ƙwanƙwasa, sai dai ƙofofin baƙi ne, kuma kowacce sau ɗaya ake zuwa. Yakan yi ta'aziyya, a nuna masa ɗakin, ya kwance gadon ya jera sassansa a waje, Direba ya zo ya kwashe.

Ana cikin haka mahaifiyar Tela ta rasu. Mun je mun yi mata ta'aziyya gaba ɗayanmu, Kawu yana can baya. Da kwanaki suka ja, Direba ya rubuta a dandali cewa zai bi ta layin, a shirya masa gadon. A ranar ne Kawu ya tari Sista a gareji ya ce a bar masa wannan, shi zai kawo shi da kekensa. Ta ce gadon ƙarfe ne, ya fi ƙarfin keke. Ya ce idan aka kwance shi ba zai fi ƙarfinsa ba. Sista ta dube shi, ta rubuta wa Direba cewa ya bari.

Ya fara da ƙarafan gefe. Ya je ya yi sallama, ya ce ya zo batun gado, Tela ta buɗe masa, ya kwance su, ta kawo shayi, ya zauna a kujerarsa. Bayan 'yan kwanaki ya koma ya ɗauko allon ƙafa, wani zuwan kuma allon kai. Katifar ma zuwa guda ta ci, ya naɗe ta ya ɗaure a bayan keke. Muna ganin sassan suna taruwa a jikin bangon gareji ɗaya bayan ɗaya, Mai Walda ne kaɗai ya tanka, ya ce da tururuwa aka ba aikin da tuni ta gama. Tela ta gaya mini ba wata hira suke yi ba. Ita tana ɗinki, shi yana zaune yana duban ƙofar ɗakin ciki, wadda har lokacin ba ta iya rufewa ba. Ta ce ita ma gidan ya yi mata faɗi, kuma ƙarar kofinsa a ƙasa tana rage mata shirun. Da ya rage saura mariƙin ɗaga kai, wanda yaro ma zai iya riƙewa da hannu ɗaya, ita ce ta ce masa ya bar shi sai wani zuwan. Da ya koma, ta ce ba ta san inda ta ajiye shi ba, ya dawo ta duba. Ya ce to.

Wata safiya Mai Kemis ta rubuta a dandali cewa ana neman gado da gaggawa domin wani magidanci da aka sallamo daga asibiti, wanda ba ya iya numfashi idan ya kwanta shimfiɗe, dole sai an ɗaga masa kai. Sauran gadajenmu duk suna hannun mutane. Sista ta amsa cewa akwai ɗaya a gareji, amma ba shi da mariƙi. Na ga alamar Kawu ya karanta, na ga ta Tela ma. Ba a jima ba sai ga shi ya shigo garejin yana haki, mariƙin yana ɗaure a kan keke, an naɗe shi da ƙyalle mai tsabta. Direba ya kwashi sassan, Kawu ya bi shi, ya ɗaura gadon a gidan mutumin, ya juya mariƙin har numfashinsa ya daidaita. Matar gidan ta yi ta godiya, ta tambayi Direba ko wannan dattijon ma'aikacin asibiti ne.

Tela ta ce da ta miƙa masa mariƙin a bakin ƙofa ta ce masa, Kawu, ka riƙa zuwa mana, ba sai da dalili ba. Ya ce in Allah ya yarda. Ni ma na faɗa masa haka game da gidana, Sista ma ta faɗa. Duk ya amsa mana da in Allah ya yarda.

Kwanan baya na same shi a gareji shi kaɗai, yana sa wa wani keken guragu mai. Muka gaisa, na zauna. Ya daɗe yana juya ƙafar keken da yatsa yana sauraron ƙararta, sa'an nan ya ce yana da tambaya, tun da ni malami ne.

Ya ce, "Malam, idan mutum ya je gidan mutane ba da saƙo ba, bayan sallama me yake cewa?"

Na ce sai ya ce ya zo gaisuwa.

Ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suka motsa. "Na zo gaisuwa," in ji shi, a hankali, yana gwada ta. "Sai kuma me?"

Na ce sai ya shiga ya zauna, sauran zai zo da kansa.

Ya ce, "To idan aka ce lafiya?"

Na ce sai ya ce lafiya lau, kewa ce ta kawo shi. Ya girgiza kai ya ce wannan ta yi nauyi, ba zai iya ɗaukarta ba, zai tsaya a kan ta farkon. Ya goge hannunsa, ya rufe garejin, muka fito tare. A mararrabar da ke gaban asibiti hanya ta rabu: dama tana zuwa layin su Tela, hagu tana zuwa maɗaba'a. Na yi masa sallama na tsallaka titi, na tsaya a gindin wata fitila kamar ina jiran mota. Ya tsaya riƙe da keken, ƙafa ɗaya a kan feda, motoci suna wuce shi. Ya dubi dama har sai da na ɗauka ya yanke shawarar bin ta. Wani mai babur ya yi masa oda yana cewa Baba a ba mu hanya, Kawu ya ja keken gefe, ya ba shi haƙuri, ya bi hagu a ƙafa yana tura shi.